Ranar da Na Kori Mutane Daga Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tashi bakin teku guda da ihu ba, kuma tun yanzu in gaya muku, ba haƙuri na zo ba kowa ba. Labari zan ba ku, ku yi dariyarku ku gama.

Watana bakwai ke nan a Doha a lokacin. Maigidana, Abban Ilham, shi ke kula da masu gadi a wani dogon bene a West Bay, mu kuma muna zaune a Muntaza, ciki da falo a saman wani shagon ɗinki. Ni 'yar Tsafe ce, a aji huɗu na tsaya a firamare, kuma ruwa mafi girma da na taɓa gani kafin in bar gida shi ne kududdufin bayan unguwarmu idan damina ta yi kyau. Amma ina da ido. Tun da na haifi Ilham kuma idon ya ƙara buɗewa: duk rami, duk wayar wuta, duk ƙofar da ke rufe kanta, ni nake fara gani. Abban Ilham ya ce da ni aka ɗauka gadi da tuni an sallame shi.

Sai ga Yaya Hajara, yayar maigidana, ta biyo ta wajenmu daga Umra za ta yi kwana goma. Yaya mutuniyar kirki ce, amma ita ce rediyon danginsu. Abin da ta gani da safe, kafin azahar Gusau ta ji. Ita ce ta ce a gaban mutane, ranar da bizata ta fito, "Wannan idan aka kai ta Katar ai a cikin lif za ta ɓata." Na riƙe maganar nan. Na rantse a raina labarin da za ta koma da shi gida shi ne matar ƙaninta ta waye.

Don haka ni na zama mai kai ta yawo, tunda shi yana wurin aiki. Na kai ta Kwanish, wato doguwar hanyar nan ta bakin ruwa, na nuna mata benayen ƙetare ina cewa "ga ofishin Abban Ilham can" (ban san wanne ba ne, mafi tsawo na zaɓa). Na hau da ita jirgin ƙasan da ba shi da direba, na zauna ina taɓa waya kamar a cikinsa aka haife ni, alhali ayatul kursiyyu nake ja a zuci. Na kai ta tsohuwar kasuwa ta ga shaho da hula a kai an ɗora shi a kan sanda kamar ango. Jirgin katakon da ake zagayawa da baƙi a kan ruwa ne kaɗai na ce mata babu daɗi, ƙamshin kifi ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ba wanda zai ɗora min 'ya a kan katako a tsakiyar teku.

Ita kuwa Yaya duk inda muka je gwiwa. Taku goma, "wash, gwiwata." A filin jirgi ma a keke aka turo ta. Kowane benci a Kwanish ya san ta.

Saura kwana biyu ta tafi, ranar Juma'a, Abban Ilham ya ce mu je Wakra, can gaba da Doha kaɗan, akwai bakin teku na iyali. Na dafa shinkafa dafa-duka cike da kula, muka isa bayan an sauko daga masallaci. Lokacin sanyi ne, wurin cike da mutane: Larabawa da kujerunsu, Indiyawa suna gasa kaza, 'yan Filifin suna ta hoto. Muka shimfiɗa tabarma. Abu na farko da na yi shi ne auna tsakaninmu da ruwa. Akwai wani ƙarfe da aka kafa a yashi, ruwan yana lasar gindinsa, gefe kuma wani ƙaramin kwalekwale yana lilo. Na ce wa Ilham, wadda shekararta biyu da rabi, "Kin ga ƙarfen can? Kika wuce shi, ni da ke ne."

Muka ci abinci, muka yi hira, Yaya ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi. Da aka kira la'asar Abban Ilham ya ce zai yi salla ya sayo mana karak, shayin madarar nan da suke ji da shi. Ya tafi.

Na ɗaga kai in duba ƙarfena.

Ƙarfen yana nan, ruwan ne babu. Ya ja baya, ya yi nisa, sai taɓo yana ƙyalli. Kwalekwalen da ke lilo ɗazu ya kwanta a gefe ɗaya a kan laka. Ƙananan ƙaguwa suna ta gudu. Kuma ba wanda ya kula! Mutane suna ta cin kaza, yara har sun bi ruwan can ciki suna tsintar katantanwa.

To a nan ne za ku ce jahilci, ni kuma in ce ilimi ne ya yi min yawa. Wata biyu kafin nan an turo wani bidiyo a guruf ɗinmu na mata, wata murya tana bayani da Hausa tsaf: idan kika ga teku ya janye, kada ki tsaya kallo, ƙarfi yake tarawa, zai dawo da tsawon bene. Sau shida na kalla. Ba wanda ya taɓa turo min bidiyon da ya ce teku yana janyewa don kansa kullum.

"Yaya," na ce, "ina ruwan nan ya tafi?"

"Wane ruwa?"

"Tekun, Yaya. Ɗazu a gindin ƙarfen can yake."

Ta leƙa, ta gyara tabarau. "Ikon Allah. To shanye shi aka yi?"

"Ambaliya ce ke zuwa. Na gani a waya. Tashi!"

Na suri Ilham na saɓa ta a baya, ban ma tsaya neman zani ba, da mayafi na ɗaure ta. Da iya nan na tsaya da ba labari. Amma ga 'ya'yan mutane can cikin laka, ni uwa ce, ba zan gudu in bar su ba. Na daddage na buɗe murya da duk Larabcin da na mallaka.

"Yalla! Yalla! Moya! Moya!"

Yalla dai a yi maza, moya kuma ruwa ne. Wata Ba'indiya ta taso da sauri, baiwar Allah, ta miƙo min gorar ruwan sha. Na ture gorar, na nuna teku da hannu biyu, sai kalmar bidiyon ta faɗo min a baki.

"Tsunami! Tsunami! Yalla!"

Ashe wannan kalmar ba ta buƙatar tafinta. Mata suka fara kiran 'ya'yansu da yare bakwai. Kujeru suka kife. Wani mutum ya ɗauki yara biyu a hammata yana gudu, wani ya bar kajinsa a kan wuta. Ni kuma ina tsakiya, kaina ba mayafi sai ɗankwali a karkace, ina kaɗa hannu kamar ɗan sandan hanya, Ilham a bayana tana ƙyalƙyala dariya don ta zaci wasan doki ne. Ba zan ɓoye muku ba, na minti biyu na ji ni wata ce.

Sai na ji Hausa a bayana.

"Mamma, mamma! Tsaya, menene?"

Wani dattijo ne mai rigar masu shara, da tsinken tsintar leda a hannu. Daga jin bakinsa mutumin Gana ne, ɗan zango (su kowa "ka" suke ce masa, mace ko namiji).

"Baba, gudu za ka yi! Ruwa ya janye!"

Ya dubi tekun, ya dube ni. "Kai baƙo ne, ko?"

"Watana bakwai."

"Mamma, ruwan nan shif yake yi. Ya tashi aiki ne. Bayan isha'i zai dawo, gobe ya sake tafiya. Shekara tara ina shara a nan, bai taɓa fashi ba."

Ya ɗaga hannu ya yi wa mutane magana da Larabci da Turanci, ya ƙare da "khalas, khalas," wato shi ke nan. Na ga gudu yana komawa tafiya, tafiya tana komawa tsayuwa. Sannan duk suka juyo suna kallona. Ban san mutum nawa ba ne, na dai san kowa ido biyu gare shi. Wani tsohon Balarabe, wanda ashe ko motsi bai yi daga kujerarsa ba, ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Mai kaji ya koma ya tarar da gawayi, ya ɗago ɗaya yana nuna min daga nesa. Ba'indiyar nan ta sake miƙo min gorar. Wannan karon na karɓa.

Daidai nan Abban Ilham ya iso da kofi uku a hannu.

"Maman Ilham, me ya faru? Wa ya tada hankalin mutane?"

Dattijon ya nuna ni da tsinkensa, cikin ladabi.

Abban Ilham ya juyo gare ni. "Innalillahi. Ke ba ki san sau biyu yake yi a rana ba?"

"Wa ya gaya min? Kai ka gaya min? Wata bakwai kana koya min yadda ake kunna injin wanki, ka taɓa cewa teku yana fita unguwa?"

"To ai da kin tambaya."

"In tambayi wa, ƙaguwa? Da gaske ne fa? Da yanzu hotona ake sawa a labarai."

Sai ya waiga. "Ina Yaya?"

Tabarma tana nan, man zafi yana nan, takalmi ƙafa ɗaya yana nan. Yaya babu. Na san shi ke nan, ta gani da idonta, yau Gusau ba za a yi barci ba. Muka yi ta nema har wurin ajiye motoci, wanda a zuwa sai da muka huta sau biyu kafin ta iso daga can. A can muka same ta, a saman wata katanga da ta kai ƙirjina, ta rungume kular dafa-duka.

"Yaya," in ji Abban Ilham, "ya aka yi kika hau?"

"Kai dai sauke ni."

"Gwiwar fa?"

"Na ce ka sauke ni, Bashiru."

Sai da shi da wani direban tasi suka haɗu kafin ta sauko. Muka shiga mota muka dawo Doha. Karak ya huce a hannunmu. Muna tsaye a danja Yaya ta yi gyaran murya, ba ta juyo ba.

"Maman Ilham, wannan maganar ba sai ta bar Katar ba."

"Wacce, Yaya? Ta ihun ko ta katangar?"

"Duka."

"To, Yaya. Ni dama ba mai yawan magana ba ce."

Ta koma gida ta ce wa dangi na san Doha kamar tafin hannuna. Shekara biyu ke nan, ko a waya ba ta taɓa ambaton teku ba (shi ya sa na canza mata suna a nan, alkawari alkawari ne).

Yanzu na san lokacin tafiyar ruwa da dawowarsa, har baƙi nake yi wa bayani da ɗan yatsa a sama. Amma ko gobe na ga abin da ban gane ba ya doso inda 'yata take, wallahi ihu zan yi, a yi dariya daga baya. Abin da na koya guda ɗaya ne: idan za ki ji kunya a bainar jama'a, ki tabbatar mai kai labarinki gida ta riga ki gudu.