Kirarin Damina a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwa a Madarunfa ba, kuma ko na so in manta, matata Balki ba za ta bari ba.

Ni jandarma ne, kuma tun ina yaro aka san ni da ɗaure fuska. A lakwal ma, wato makaranta, mushe malaminmu kan roƙe ni in yi murmushi, kada a ce dukana yake yi. A ganina mutunci ke nan: namiji ya yi magana ƙasa-ƙasa, kada ya yi dariya har a ga dasashinsa. To, ka ji mutumin da Allah ya jarrabta da aikin kare.

Da aka zaɓe ni cikin waɗanda za a koya wa aiki da karnukan da ke shinshino wiwi da ƙwaya a cikin kaya, ban gaya wa dangi ba. Na ce an mai da ni "sashen bincike na musamman" (ban yi ƙarya ba, wanda ke yin binciken ne kawai ban ambata ba). Balki kaɗai ta sani, don gashin kare a wando ba ya ɓuya ga mai wanki. Na roƙe ta don Allah kada maganar ta kai garinsu Safo, kunnen mahaifinta. Dattijo ne manomi, wanda in na je gaishe shi tun daga ƙofar gida nake cire takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa. Sunansa ma ba zai fito daga bakina ba, ko a nan.

Aka haɗa ni da wata baƙar karya mai tsayayyun kunnuwa, sunanta Damina. Aikin a baki ba wuya. A ɓoye ɗan abin da ake nema a cikin kaya, ita ta bi tana shinshinawa, in ta ji warin sai ta zauna a gabansa ta kafe shi da ido. Ladanta kuwa ba nama ba ne. Wani naɗaɗɗen tsumma ne, ta kama da haƙora tana ja kana ja, sai kuma yabo. Yabon nan shi ya so ya kashe ni.

Shef, mai koyar da mu, gajere ne mai ƙaton gashin baki, amma in ya tashi yaba wa kare sai ka rantse guɗar amarya ake yi. Kullum maganarsa ɗaya: "Nan take! Tana zama ka saki murya, siririya, ka yi tsalle, ka nuna mata duniya ta yi daɗi. In ka tsaya tunani, ba za ta san abin da ka yaba ba."

Ni kuwa in Damina ta zauna sai in gyara tsayuwa in ce, "Yauwa." Ta dube ni, ta yi hamma. A hankali ta fara sanyi da aikin. Ta ji warin sarai, na ga ta ji, amma sai ta wuce ta nemi inuwa ta kwanta. In na koma gida in yi ta yi wa Balki mita a kan Shef da "nan take" ɗinsa, ita kuma ta yi ta tuƙa tuwonta.

Rannan Shef ya kira ni gefe. Ya ce, "Damina ba ta da laifi, kai ne marowaci. A gwajin ƙarshe in ta zauna ka yi mata wannan yauwar taka ta gidan makoki, zan karɓe ta in ba wani. Kai kuma ka koma tsaron ƙofa."

Tsaron ƙofa bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne in ga igiyarta a hannun wani. Wallahi ban san na shaƙu da ita haka ba sai ranar. Ina zaune ina tunani ta zo ta ɗora haɓarta a kan takalmina, na ji ƙwalla na neman zubo mini, ni da ko a jana'iza ba a cika ganin hawayena ba.

Sai na shiga koyon yabo a ɓoye. Da sassafe in ja ta bakin tafki inda ba kowa, in matse maƙogwaro in yi ta gwadawa, har na haɗa mata kirari nata na kanta. (Wani masunci ya taɓa riskar mu. Ya dai juya kwalekwalensa da sauri.) Damina ta farfaɗo, wutsiya ta dawo aiki. Na ce shi ke nan, ranar gwaji in runtse ido in yi a gaban Shef da 'yan uwana jandarmomi, a wuce wurin.

Ashe Shef ya gaji da akwatunan banza da muka saba gwaji da su. Ranar gwaji ya kai mu bakin hanyar shiga kasuwa, inda ya roƙi wasu manoma suka jera amalankensu na jakuna. A cikin kayan ɗaya daga cikinsu, da yardar mai shi, aka ɓoye ɗan ƙullin wiwi. Ni ba a gaya mini wanne ba, don kada karyar ta karanta a fuskata. An kuma koya mana ido a kan kare, ba a kan mutane ba. Haka na yi. Muka wuce buhunan gero, muka wuce na dawa, ban ɗaga kai ba. Muna isa wani amalanke mai buhunan wake sai wutsiyarta ta tsaya cak, ta cusa hanci, ta ja da baya, ta zauna.

Sai a lokacin na ɗaga kai. Zaune a kan buhunan, da malafarsa da 'yar tsumagiyarsa, surukina ne yake kallona.

Jama'a, gwiwoyina da kansu suka fara neman ƙasa. Ga Damina ta kafe buhu da ido, kunnuwanta sun juyo wajena tana jira. Ga Shef a bayana, ina jin numfashinsa. In na tsaya gaisuwa, na rasa ta. Na ce a raina, Baba ka yafe mini, na runtse ido na saki:

"Ayyururui! 'Yar albarka! Sarauniyata! Hasken idona! Wa ya kai ki? Babu! Babu!"

Muryar da ta fito ko ni ban san ina da ita ba. Na wurga tsumma, Damina ta cafe, muka shiga ja. Hulata ta faɗi. Mata masu fura suka sauke ƙorai suna kallo, jakin surukina ya ɗaga kai ya taya ni da nasa kukan. Kuma da yake jikina ya rasa wanda zai bi, tarbiyya ko Shef, sai na yi rawar a rabin durƙushe. Ban tsaya nan ba. A tsakiyar kirarin, da wannan siririyar muryar dai, na ji bakina ya ce, "Baba, ina kwana?"

Ya amsa a natse, kamar a zaurensa muke: "Lafiya lau, ɗana. Ci gaba da aikinka, kada ka katse mata."

Shef ya ce mun ci gwaji, yana faɗa yana share hawayen dariya da hularsa. Na ɗaure Damina a inuwa, na wanke hannu, na kwance igiyar takalmi (ba ta taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba), na je na durƙusa. Na fara kame-kame a kan sashen bincike na musamman. Ya ɗaga hannu.

"Bari wahal da kanka. Tun ranar da aka ba ka karyar Balki ta faɗa wa uwarta. Da shugabanku ya nuna mini yaron da za a gwada, ni na ce a sa abin cikin wakena." Ya gyara malafa. "Ɗiyar tawa kullum cewa take mijinta mutumin kirki ne, sai dai baki kamar an ɗinke. Na ce mata ta yi haƙuri, haka Allah ya yi shi. Ashe akwai zance cikinka. Ita ce dai ba ta iya shinshina buhu ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Labari ya riga ni isa gida. Balki ta shimfiɗa tabarma. Ta kawo tuwo da miyar kuka ta ajiye, sannan ta zauna a gabana ta kafe kwanon da ido, ko ƙiftawa babu.

Na ce, "Mi ya faru?"

Ta ce, "Na zauna. Shef ya ce nan take."

Na yi gyaran murya na ce, "Sannu da aiki."

Ta ce, "Ba da wannan muryar ba."

Damina na hannuna har yau. Abin da na koya kuwa shi ne, yabon da ka yi rowarsa a cikin gida, wata rana a bakin kasuwa za a sa ka fito da shi, har da rawa, surukinka na kallo. Yanzu kullum nakan yi kirari sau biyu, ɗaya a wurin aiki, ɗaya a kan tabarmar cin tuwo. Maƙwabta sun saba.