Munduwar Talatu da Allurar Bature

Ba zan taɓa mantawa da ranar da allurar Bature ta tona mini asiri a ƙarƙashin ƙasa ba.

Zamanin Turawa ne. Na baro Gazara na kama aiki da wani Bature safiyo a ramin ma'adinai cikin duwatsun bayan Ikara. Shi yana auna tsawon rami da karkatarsa da zurfinsa, don ramin da ake haƙowa daga gabas ya haɗu da na yamma. Ni kuwa mai haska masa kamfas ne, na'urar nuna arewa, da fitilar tagulla. Doka ɗaya ce: kada kowa ya sauka da ƙarfe, domin ƙarfe yana jan allurar kamfas ɗin.

To ni ina da munduwar ƙarfe da Talatu, 'yar maƙerin garin Taba, ta ba ni. A labaran soyayyar da nake ji a kasuwar Makarfi, jarumi ba ya cire kyautar masoyiya ko da takobi a wuya. Sai na tura ta saman gwiwar hannu, na rufe da riga. (Har waƙa nake mata a zuci.)

Kwana da kwanaki ana haƙa bisa awonmu, ramukan suka ƙi haɗuwa. Bature ya koma awo, yana huci. Na tsaya dama, allura ta leƙo dama. Ya mai da ni hagu, ta biyo ni.

Baba Tanko, shugaban leburori, ya ce, "Kai ɗan nan, ashe kai ne alƙibla?"

Aka sa na tuɓe riga a gaban kowa, sai ga munduwa. Dariya ta cika rami, har tana amsa kuwwa.

Baba Tanko ya ce, "Bature ya ce ka cire, ko ka hau sama ke nan."

"Baba, a gaya masa sai dai a cire da hannun!"

Na hau sama, ba aiki, ƙirji a buɗe. Na zarce Taba na ba Talatu labari, ina jiran hawaye. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo yaya! Ai zoben ɗaure akuya ne, wanda bai sayu ba."

Ku yi dariyarku. Talatun tana ɗakina yau, zoben yana hannuna. Abin da na koya ɗaya ne: kafin ka sadaukar da abincinka kan kyauta, tambayi na ɗaure mene ne. Ni dai ya ɗaure ni, kuma ban cire ba.