Kwana Biyun Jestha da Suka Kawo Mana Makaɗa

Zuwa ga Uwargida Kalanda,
Mai watanni goma sha biyu, kowanne da halinsa.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta wadda ta sha wuya a hannunki amma ba ta riƙe ki a zuci ba, ni ce Prabina Maharjan, mai rubuta manhaja a wani ɗan kamfani a garin Patan. Aikinmu haɗa masu biki da makaɗa ta waya. Ina roƙon izini in gabatar da koke-kokena.

Na ɗaya. Ranki ya daɗe, wata ɗaya kwana nawa ne? Na tambaya ne don ranar sha biyu ga watan Jestha na kalandar ƙasarmu aka zauna sa ranar bikin yayana Rojan, aka ce sai wata mai zuwa kamar yau. Ni da kaina na ɗauko masa makaɗa ta manhajarmu, ina taƙama. Na koya wa kwamfuta cewa in an ce wata, ta ƙara kwana talatin. Ashe a bana kin ga dama kin yi wa Jestha kyautar kwana talatin da biyu. Allah ya ƙara miki yalwa.

Na biyu. Saboda wannan karamci naki, ranar goma ga Asar, watan da ke bin Jestha, da hantsi, saura kwana biyu biki, mutum tara suka shigo lungunmu da ganguna da algaita da kakaki. Ango yana tsakar gida da ɗaurin tawul yana goge baki. Inna tana bakin kasko tana suyar sel roti, wainar shinkafarmu ta biki, ta fito da matsami a hannu ta ce, "Wa ya aiko ku?" Shugabansu, tsoho Dhan Bahadur, ya miƙa mata wayarsa ya ce, "'Yarki, uwar ango." Kafin in buɗe baki maƙwabta sun fito suna rawa, wani kuma ya buga wa gidan amarya waya. Uban amarya ya iso a bayan babur, takalminsa wari da wari, yana haki yana cewa, "Yau ne? Ba wanda ya gaya mana! Yarinyar ma tana wajen tela!"

Na uku. Ƙauyen makaɗan tafiyar yini ce a mota, ga damina ta ɓata hanya. Kaka ta ce ba mai korar baƙon da ya zo da kiɗa. Suka zauna. Ko kin san yawan shinkafar da mutum tara masu busa suke ci a kwana biyu? Inna ta sani. Kullum in za ta zuba sai ta kalle ni ta ce, "Shekara huɗu a jami'a, ki kasa ƙirga talatin da biyu."

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Na koma ofis na gyara, na ce wa kwamfuta ta bar ƙirga kwana, ta riƙa tsallakawa wata na gaba a kan ranar. Sai ga wani bawan Allah da ya yi rajista ranar talatin da biyu ga Jestha, ya ce bikinsa sai wata mai zuwa kamar yau, manhaja ta sa masa biki talatin da biyu ga Asar. Asar kuwa a talatin da ɗaya kika tsayar da shi. Mutumin ya kira ogana cikin ladabi ya ce ya duba kalandar bangon ɗakinsa bai ga ranar aurensa ba. Ogan ya ce in an sake na uku in kwashe kofin shayina. Yanzu na zauna na shigar da tsawon kowane wata da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina sa miki albarka.

Bikin yayana dai ya yi kyau, har yau unguwa na cewa ba a taɓa kiɗan kwana uku a lungun nan ba. Sai dai tun daga lokacin, mai busa kakakin, Tilak, yana zuwa gidanmu duk Asabar wai ya zo tabbatar da ranakun aikinsu. Ranakun daidai suke, shi ma ya sani. Makon jiya ya zo da kawunsa da kwandon lemo, Inna ta ba su kujera mai kyau.

Don haka roƙona ɗaya ne, ranki ya daɗe. In manya suka zauna sa mana rana, ki taimaka ki ba mu wadda take akwai.

Taki mai biyayya, kwana talatin ko talatin da biyu, yadda kika ga dama,

Prabina Maharjan
Patan