Shekarar da Na Yi Yaji da Tuwo

A shekarar da hatsi ya yi tsada, ni kuma sai na ƙudura ramewa. A wayar ƙanwata na ga wasu mata, cikinsu a shafe kamar an goge. Na dubi nawa mai haihuwa huɗu, na ce wata guda ya ishe ni in kamo su. Na daina cin tuwo, sai ruwan zafi da lemon tsami, ban gaya wa kowa dalili ba.

Da na je bikin suna a garinmu Makoda ina yauƙi, mata suka yi ta kallona suna salati. Na ɗauka kyauna ne ya ruɗa su.

Ba a jima ba sai ga mahaifina a kan babur da rabin buhun gero. Ya tsare maigidana a zaure: "Malam, in babu, ai sai ka faɗa mana."

Bawan Allah ya buɗe masa rumbu yana rantsuwa. Dole na fito na yi bayani. Baba ya dube ni ya ce, "Su matan wayar, nasu mazan ba sa ciyar da su ne?"

Har yau in ana rabon abinci a gidan biki, sai wata ta ce, "Ku tsallake ta, a dafa mata ruwa."