Ragon da Na Ɗaura wa Buhu

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata a garinmu Dingaya ta ƙasar Gwaram ba, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun kiwon dabbobi. Binciken da aka ba ni shi ne in gano yawan abin da cikin rago ke narkarwa daga abincin da ya ci. Aikin kuwa ba na neman mutunci ba ne: ka auna harawa da dusar da ka zuba masa, ka auna ragowar, sannan ka ɗaura masa ɗan buhu a gindi ka tara duk abin da ya fito. (Inna ta ce ita dai likita ta so haifa.) Ragunan Baba na ara, na turke su a gida.

Ɗaurin auren ya faɗo ranar ƙarshe ta awon. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai sun cika, har da Malam Sabo na Birnin Kudu, mahaifin Hauwa wadda nake nema. Ina cikin sabuwar shadda ina rabon goro, sai ga babban ragon ya tsinke igiya ya ratso tsakiyar jama'a, buhu na reto a bayansa.

Ban san lokacin da na watsar da goron na bi shi ba. Liman ya ɗaga hannu ke nan za a yi addu'a, aka ji muryata:

"Ku tare shi, kashina zai zube!"

Kowa ya juyo ya kalle ni. Ragon ya daka tsalle, buhun ya kwance a kan tabarmar Malam Sabo. Ni kuma (wannan ne ya fi ci mini rai) na durƙusa a gabansa ina tsincewa ɗaya-ɗaya ina zubawa a hulata.

Malam ya janye ƙafarsa a hankali. "Ɗan nan, naka ne da gaske?"

"Na makaranta ne, Malam."

"To, Allah Ya shirya."

Awon ya lalace, don rabi ya bi takalman mutane, sai da na maimaita shekara. Hauwa ta daina ɗaga wayata. Har yau in na sauka daga babur a Gwaram, ba a rasa mai tambayata ko an samu tarawa.

Darasin da na ɗauka bai da yawa: in rago ya gudu da kayanka a cikin taro, ka bar masa. In kuma dole sai ka yi ihu, ka fara faɗin na wane ne.