Yadda Ake Samun Aikin Gyaran Firji Ba Tare da An Iya Ba

Kai mai zaman kashe wando, matso kusa. Wannan hanya tabbatacciya ce: in ka bi ta daki-daki, aiki zai same ka ko kana so ko ba ka so. An gwada ta a kan Mai-Hamma, wani ƙato mai gemu da ya tare a ɗakin baƙi na gidan yayarsa, har ranar da mijinta ya leƙo ya ce, "Ɗakin nan zai yi kyau da buhuna." Yayar ta ce, "Ka dai ji. Ko ka nemi aiki, ko ka nemi wurin kwana."

1. Zaɓi fanni da fatar jikinka

Je ka cibiyar koyar da sana'o'i, inda kowane fanni ke da ajinsa. Kada ka tambayi wanne ne ke da kasuwa. Zagaya kawai ka ji abin da jikinka zai faɗa. Mai-Hamma ya leƙa ajin walda, tartsatsi ya ƙona masa hannun riga. Ya leƙa ajin kafinta, ƙarar zarto ta shiga masa haƙori. Ajin famfo kuwa hancinsa ne ya yanke hukunci tun daga bakin ƙofa. Da ya buɗe ajin gyaran firji, wata iska mai sanyi ta shafe shi. Ya ce, "Malam, tun ina yaro wannan ne burina."

2. Sa kaya kafin ilimi

Ilimi ba a ganinsa daga nesa, amma ana ganin hular kwano. Nemi rigar aiki mai aljihu da yawa, ka soka sukundireba a kowanne. Zauna can baya, ka ja hular ta rufe ido. Malam zai ɗauka tunani kake.

3. Riƙe jimla biyu, kada ka ƙara

Ta farko: "Gas ne." Ta biyu: "To, kwamfireso ne." Kafin kowacce ka kara kunne a jikin firji, ka yi tsaki, ka girgiza kai kamar an yi maka rasuwa. Masana sun tabbatar cewa tsaki shi ne rabin gyara.

4. Nemi teburin da ba layi

Ranar da cibiya ta gayyato masu ɗaukar ma'aikata, guji teburin manyan kamfanoni. Suna da mugun halin yin tambaya. Mai-Hamma ya hango wata dattijuwa ita kaɗai a lungu tana fifita da kwali. Ɗakin sanyi gare ta na ajiye kifi.

"Ɗan nan, kana jure sanyi?"

"Hajiya, ni da sanyi uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ka iya aikin?"

Ya yi tsaki, ya girgiza kai. Ta ce, "Ma sha Allah, ƙwararre ne. Gobe ka zo."

A gida yayarsa ta rangaɗa guɗa, har da ƙara masa nama.

5. In na'ura ta tsaya, kai kada ka tsaya

Yana isa da safe ya tarar na'urar ta mutu murus. Kifi tari guda ya fara zufa, Hajiya ma haka. Ya kara kunne.

"Gas ne."

"Jiya aka cika shi."

"To, kwamfireso ne."

"Sabo ne, ledarsa ma ga ta can."

Nan iliminsa ya ƙare kaf. Ruwan kifi ya fara biyowa ta ƙarƙashin ƙofa, kyanwoyin unguwa suka jeru a kan katanga kamar masu jiran rabon gado. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Ɗan nan, duk abin da na mallaka yana cikin ɗakin nan." Mai-Hamma ya laluba wayarsa a aljihu. Ya ce zai ɗan zaga.

6. Kira malam daga bayan gida

"Malam, ɗalibinka ne."

"Wanne?"

"Na kujerar baya."

"Au, mai minshari! Ashe kana magana?"

"Don girman Allah, Malam, kifi na mutuwa!"

"Ai matacce ne. Je ka bayan na'urar. Kashe wuta tukuna, sakarai! Me ka gani?"

"Fanka ba ta juyi. Akwai wata waya baƙa, ta rabu da 'yar'uwarta."

"To fere bakinta ka mayar ka ɗaure."

"Da me?"

"Da abin da ke aljihunka!"

Ranar Mai-Hamma ya gano cewa sukundireba juyawa take yi. Gumi na ɗiga daga gemu, ya ɗaure wayar, ya kunna wuta, ya ruga bayan Hajiya ya ɓuya. Na'ura ta yi tari, ta ɗauka. Kyanwoyi suka watse cikin takaici.

7. Hana labari fita

Nan ne Mai-Hamma ya yi sake. Kafin azahar Hajiya ta shaida wa mai nama, mai nama ya shaida wa mai ƙanƙara. Yanzu wayarsa ba ta hutawa. Don kada asiri ya tonu, dole ya koma aji duk ƙarshen mako, yana ɗaga hannu yana tambaya har malam ya fara ɓuya. Mijin yayarsa ma ya daina zancen buhuna, sai dai ya rusuna ya ce, "Injiniya, in ka samu sarari, firjin gidan nan yana wani kuka."

Gargaɗi

Mai wannan shawara bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba. In wuta ta ja ka, in kifi ya ruɓe, tsakaninku ne. In kuma tsautsayi ya sa ka wayi gari ka iya sana'a, ana ƙwanƙwasa maka ƙofa tun da sassafe, kada ka kawo mana kuka. An ce ka nemi aiki. Ba wanda ya aike ka ka iya shi.