Shaƙuwar Da Ta Tona Mini Asiri A Kiyawa

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bari ba.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Dutse, shari'a ta shigo da zafinta, kowa ya zama ustazu, har da ni. Na tara gemu, na ɗage wando, abu ɗaya ne ya ƙi barina: sigari. A bayan ofis nake zuƙarta, a gida kuwa ba wanda ya sani, musamman Baffa, ƙanen mahaifinmu da ya riƙe mu, wanda kullum da ni yake yi wa yara misali (Allah sarki!).

Da Baffa ya ce ni zan zama wakilin ango, sai na ce lallai in daina, kada liman ya ji wari. Na je wajen wani mai kemis, mutumin kirki, ya ba ni wani cingam na masu son barin taba. Ya ce, "Malam, wannan ba na yara ba ne. Ɗaya tak, ka tauna a hankali, ka ajiye shi a kumatu. Ka riƙa leƙowa muna ganin yadda ake ciki."

Ranar aure a Kiyawa, sai ga ƙishin taba ya taso. Na ce ina ɗaya zai kai ni? Na watsa uku a baki, na hau tauna kamar akuya.

Liman ya ce, "Wakilin ango, bisimilla." Aka miƙo mini lasifika.

"Muna nema wa ɗan'uwanmu... hik! Auren... hik!"

Shaƙuwa, jama'a! Ashe cingam ɗin in ya yi yawa ita yake kawowa. Aka kawo ruwa, a banza. Abokan ango suka fara cusa fuska a babbar riga. Can sai Baffa ya zare mini ido, ya daka tsawa: "Kai! An ce mini sigari kake sha!"

Na zabura. Na ce, "Wallahi Baffa na daina! Ga cingam ɗin ma a bakina, mai kemis ne ya ba ni!" (Lasifikar fa tana hannuna, har mata a cikin gida sun ji.)

Shaƙuwa ta tsaya cak. Baffa ya saki baki yana kallona, ya ce, "Ikon Allah. Ni fa maganin shaƙuwa nake yi maka."

Ashe dabarar nan ce da ake yi wa yara, a laƙa musu laifi su firgita shaƙuwa ta tafi. Ni kuwa gemai-gemai na zazzage komai.

Aure dai ya ɗauru, ni kuma na narke don kunya. Mai kemis ya yi dariya har da dafa kanta, sannan ya ɗora ni a kan ɗaya-ɗaya, har Allah ya raba ni da taba. Abin da na koya shi ne, in kana shaƙuwa dattijo ya tuhume ka, ka ja bakinka ka yi shiru, wataƙila magani yake yi maka.